Ranar Farko da Kwamfutar Gem ta Miliyoyin Naira

Abin da ke fara ba mutum mamaki shi ne nauyi. Kwalin da mai kawo saƙo zai sauke a ƙofar gida ba na ɗauka a hammata ba ne, sau da yawa ma sai an kama wa mutum kafin ya shiga da shi ciki. Kwamfutar tebur da aka haɗa domin manyan wasannin bidiyo, wato gem a bakin matasa, takan kai kilo 15 zuwa 20, wasu ma su ɗara haka. Wanda bai saba da kowace kwamfuta ba sai laftof, ko irin waɗanda ke jere a cibiyoyin rubuta jarrabawar JAMB, sai ya sake duba takardar saƙon ya tabbatar ba kayan wani aka kawo masa ba.

Wadda ake magana a kanta a nan ita ce wadda ta fi kowace tashe tun farkon 2025, mai ɗauke da katin hoto GeForce RTX 5090 na kamfanin Nvidia da furosesa Ryzen 7 9800X3D na kamfanin AMD. Manyan kamfanoni irin su Alienware da Corsair suna haɗa ta su sayar, haka ma masu shaguna a Computer Village da ke Ikeja, ko Banex a Abuja, sukan yi odar sassanta su haɗa wa mai so. A Amurka, a 2025, kuɗin cikakkiyarta ya riƙa tashi daga dala 4,000 zuwa sama da 5,000. Katin hoton kaɗai, ranar da ya shiga kasuwa, 30 ga Janairun 2025, dala 1,999 aka sa masa, kuma cikin ɗan lokaci ya ƙare a shaguna, 'yan sari suka riƙa sayar da shi fiye da haka ƙwarai. A canjin wancan lokaci, da dala ke wajen naira 1,500, kuɗin katin ya kai naira miliyan uku. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara albashinsa na shekara uku da rabi, bai ci bai sha ba, kafin ya sayi wannan sashe guda.

To an buɗe kwali. Gefe ɗaya na kwamfutar gilashi ne, ana hango komai na cikinta, kuma shi ne ya kamata a fara yi wa hattara. Gilashin mai tauri ne, yana jure bugu a tsakiyarsa, amma idan kusurwarsa ta daki tayil sai ya tarwatse gaba ɗaya ya koma tsakuwa. Ɗakunan da aka shimfiɗa wa tayil sun zama ruwan dare a gidajenmu, saboda haka idan za a cire gilashin, a kwantar da shi a kan katifa ko darduma. Cire shi kuwa dole ne, domin kamfanoni da yawa sukan cusa wata jaka mai kumburarren soso a cikin kwamfutar don ta tallafe sassanta a hanya. Ɗoki ya sa wasu sun kunna tasu da jakar a ciki, fankoki suka kasa juyawa.

Da an zare jakar, ido ba ya sauka a ko'ina sai a kan katin hoto. Sunan kati ya rage masa ne tun zamanin da yake ɗan falle guda. Na yanzu tsawonsa ya haura santimita 30, nauyinsa wajen kilo biyu, na wasu kamfanonin ma ya doshi uku. Duk wannan nauyi a rataye yake a jikin madabod ta wata siririyar kafa da 'yan kusoshi biyu ko uku. Kwamfutar da ta sauka a Legas, aka ɗora ta a mota ta yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Kano a kan titi mai ramuka, ba abin mamaki ba ne a tarar katin ya ɗan zame daga mazauninsa, ko kafar ta tsage. Masu sana'ar da suka san aikinsu sukan cire katin su naɗe shi daban idan tafiyar mai nisa ce. Mai saye kuma, kafin ya sa filogi, ya danna katin a hankali ya ji ko ya zauna daram, ya taɓa sandunan RAM, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa sashe guda ya cinye kusan rabin kuɗin na'ura? Furosesa, wanda aka saba kira ƙwaƙwalwar kwamfuta, ma'aikata takwas ne a cikin wannan samfurin, kowanne gwani ne da zai iya kowane irin lissafi komai sarƙaƙiyarsa. Katin hoto kuwa gayya ce. Ƙananan ma'aikata 21,760 ne a cikin RTX 5090, babu gwani a cikinsu, amma kowa ya kama kunyarsa a lokaci guda, gonar da za ta ɗauki mutum takwas mako guda sai a tashe ta kafin azahar. Gonar a nan ita ce fuskar allo. Allon da ake kira 4K yana da ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, jimilla ɗigo miliyan takwas da dubu ɗari uku, kuma kowane ɗigo sai an lissafa launinsa da haskensa. Idan ana son hoto 120 a kowace daƙiƙa, lissafin ya doshi ɗigo biliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Ƙwayar da ke wannan aiki a tsakiyar katin tana ɗauke da taransista biliyan 92, kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera ta. Sunan tsarinta Blackwell, don tunawa da David Blackwell, masanin lissafi kuma baƙar fata na farko da aka zaɓa cikin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka, a 1965.

Akwai wata waya guda da ta cancanci a tsaya a kanta fiye da sauran, ita ce mai kai wa katin wuta. Bakinta bai fi kan babban yatsa girma ba, yana da ƙafafu 16, manya 12 da ƙanana huɗu, kuma an tsara shi ya ɗauki wat 600. Katin yana jan wat 575 idan aiki ya yi tsanani. Da yake wutar da ke bi ta wayar bolt 12 ce kawai, ƙarfin kwararar ya kai amfiya 48, wanda wayoyi shida za su raba a tsakaninsu. Idan bakin bai shige har ƙarshe ba, ko wayar ta lanƙwashe dab da shi, sai nauyin ya taru a kan ƙafa ɗaya ko biyu, roba ta fara narkewa. An fara ganin haka a kan RTX 4090 a ƙarshen 2022, Nvidia ya ce ya samu rahoto kusan 50 kuma yawanci rashin tura wayar sosai ne. Aka gyara tsarin bakin, duk da haka a Fabrairun 2025 hotunan narkakkun wayoyi suka sake fitowa, wannan karon a kan sabon katin. Wani Bajamushe mai gwajin kayan kwamfuta, Roman Hartung, wanda aka fi sani da der8auer, ya auna nasa ya tarar waya ɗaya tana ɗauke da fiye da amfiya 20, fiye da ninki biyu na abin da aka tsara mata, zafin bakin kuma ya kai digiri 150. Kaya mai wannan tsada bai kamata ya bar mai shi da fargabar waya ba, wannan gazawa ce ta masu ƙira. Amma tunda haka abin yake, mai saye ya tura wayar har sai ya ji ta yi ƙas, ya haska da tocilan ya tabbatar babu ko siririn gibi, kuma ya bar mata santimita uku zuwa huɗu a miƙe kafin ta lanƙwasa.

Sai a danna maɓalli. Fitilu masu launin bakan gizo su kama, fankoki shida ko tara su tashi tare, ruwan sanyaya furosesa ya ɗan yi ƙugi a cikin bututunsa. Allo kuwa baƙi ƙirin. A wannan minti ɗaya ko biyun gaban mai kwamfuta yakan faɗi, ya fara lissafin miliyoyinsa. Galibi babu abin da ya lalace: na'urar tana gwada sandunan RAM ne a karon farko don ta daidaita saurinsu, kuma a kan sababbin furosesan AMD hakan kan ɗauki 'yan mintoci. Haƙuri kawai ake buƙata, kada a zare filogi.

Idan an jira allon bai kawo ba, a leƙa bayan kwamfutar. Kafofin sa wayar allo iri biyu ne, na sama a jikin madabod, na ƙasa a jikin katin hoto. Wanda ya sa a na sama, ko dai ya ga duhu, ko kuma, abin da ya fi muni, ya ga hoto lafiya lau amma ta ɗan ƙaramin injin hoton da ke cikin furosesa, katin miliyan uku yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Akwai wasu kurakuran guda biyu masu kama da wannan. Windows yakan bar allo a kan hoto 60 a daƙiƙa ko da allon zai iya 240, sai an shiga saiti an canza da hannu. RAM ma ba ya gudu da saurin da aka rubuta a kwalinsa sai an kunna wani saiti da AMD ke kira EXPO, Intel ke kira XMP. Mutane da yawa sun yi watanni suna amfani da rabin abin da suka biya ba su sani ba.

Kafin a fara wasa akwai jira, kuma jiran yana cin kuɗi. Wasannin yanzu ba a faifai suke zuwa ba, sauke su ake yi daga kasuwannin intanet irin su Steam na kamfanin Valve. Cyberpunk 2077 yana neman gigabait 70 a ma'ajiya. Black Myth: Wukong, wanda kamfanin Game Science na ƙasar Sin ya fitar a Agustan 2024, yana neman 130. Ga sabunta Windows, ga manhajar katin hoto. Wanda ya dogara da datar wayarsa zai iya cinye kason wata guda a dare ɗaya, balle bayan da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Shi ya sa masu irin wannan kwamfuta sukan koma layin faiba inda ya iso, ko Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko da ya shiga a Afirka.

Amma fa idan wasan ya buɗe, gani ya kori ji.

A ɗauki Cyberpunk 2077, na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan, wanda masu gwaji suka mayar da shi ma'auni. Birni ne na ƙirƙira, da dare, an yi ruwan sama. Ɗan wasa ya tsaya a bakin titi ya kalli ƙasa: ga kududdufi, a cikinsa ga hoton allon talla mai jan haske da ke saman bene, mota ta wuce hoton ya karye ya sake haɗuwa. Ya juya ya shiga wani lungu, hasken fitila ɗaya ya daki jan bango, ya dawo ya rina gefen fuskar mutumin da ke tsaye da ja kaɗan, daidai yadda yake faruwa a zahiri. Ba mai zane ne ya zauna ya shafa wannan jan ba. Katin ne ke bin sawun haske, zare bayan zare, daga inda ya fito zuwa inda ya daka zuwa inda ya koma, ya lissafa abin da ido zai gani. Shekaru kaɗan da suka wuce kamfanonin fim ne kawai ke irin wannan lissafi, kuma hoto guda kan ɗauke su sa'o'i. Nvidia ya fara sa wannan fasaha a katunan 'yan gem a 2018.

Abu na biyu da ake ji, a hannu ma fiye da ido, shi ne santsi. Fim ɗin sinima hoto 24 ne a daƙiƙa. Yawancin wasannin PlayStation 30 ne ko 60. A allo mai 240, idan aka juya linzami, duniyar wasan tana biyo hannu ba tare da ja da baya ko dishi-dishi ba, har rubutun da ke jikin motar da ke gudu ana iya karantawa. Wanda ya yi mako guda a haka, in ya koma 60 sai ya ga kamar wani abu ya lalace.

A nan ne kuma ya kamata a faɗi abin da masu talla ba sa son nanatawa. Idan aka buɗe wa Cyberpunk duk ƙarfinsa a 4K, aka ce katin ya lissafa kowane ɗigo da kansa, hoto wajen 30 kacal yake iya bayarwa a daƙiƙa, shi da ya fi kowane katin gem ƙarfi a duniya. Lambobin sama da 200 da ake nunawa suna zuwa ne ta wata dabara mai suna DLSS 4. Katin yana zana ƙaramin hoto, ƙirƙirarriyar basira ta faɗaɗa shi, sannan a tsakanin kowane hoto biyu na gaske ta ƙago har guda uku ta cusa. Ido yana ganin santsi, amma hannu yana jin saurin hotunan gaske ne kawai, kuma mai lura zai iya ganin ɗan inuwa-inuwa a gefen abu mai gudu. Dabara ce mai amfani, a wasannin labari ma ba a cika gane bambanci ba. Sai dai ta buɗe ƙofar zuzutawa. A taron CES na Las Vegas, a Janairun 2025, shugaban Nvidia Jensen Huang ya ce RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090 na dala 1,599. Da katin ya isa hannun masu gwaji sai aka ga maganar ba ta tsayawa sai an ƙirga ƙagaggun hotunan. Shi kansa RTX 5090, a ma'aunin gaskiya, ya fi wanda ya gada da kusan kashi 30 cikin ɗari a 4K, kuɗinsa ya ƙaru da kashi 25, cin wutarsa kuma ya tashi daga wat 450 zuwa 575.

Bayan sa'a guda ana wasa, ɗakin da kansa zai fara ba da labari. Duk wutar da kwamfuta ta ci zafi take komawa, babu inda take zuwa sai cikin iskar ɗaki. Kati da furosesa da allo da sauran tarkace, a tsakiyar wasa mai nauyi, sukan ja wat 700 zuwa 800, abin da fankar sama goma za su ci. Esi mai doki ɗaya yana iya kwashe zafin da ya kai wat 2,600, ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi wajen kwamfutar kaɗai. Masu gwajin da ake kallo a YouTube suna aunawa ne a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 21 zuwa 25 ba, a nan katin kan tsaya a digiri 70 da 'yan kai. Kowane digiri da ɗaki ya ƙara, katin ma ya ƙara. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin watan Afrilu ke haura 40, ɗakin da babu esi zai tura katin zuwa iyakarsa, fankokinsa su riƙa kuka, shi kuma ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. An biya kuɗin gudu, zafi ya karɓe.

Sannan ga uwa uba, wutar kanta. Nvidia ya ba da shawarar akwatin wuta mai wat 1,000 ga wannan kati. Akwatunan zamani suna karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka kwamfutar da aka sayo daga Amurka za ta yi aiki da wutarmu ta 230, wayar bango kawai za a canza, kuma a sa ta a soket na ƙwarai, ba irin jonin nan mai araha da ake cusa wa caja biyar ba. Kuɗin wutar ma da sauƙi idan aka kwatanta da kuɗin na'urar: a farashin rukunin Band A na Yulin 2024, naira 209.5 kowane yunit, wasan sa'a huɗu a kullum zai ci kimanin naira 670, wajen naira 20,000 a wata, ban da esi. Matsalar ita ce ɗaukewa da kawowa, da wutar da ke zuwa ƙasa-ƙasa ko ta zo da ƙarfi ta ƙona kaya. Jama'ar Arewa ba su manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layuka ta bar jihohi da dama cikin duhu na kwanaki.

Ƙaramin janareton da ake gani a shagunan aski, mai wat 650, ba zai ɗauke ta ba. Ƙaramar inbata mai kVA ɗaya ma haka. Batirin inbata guda mai amfiya 200, idan ba a so a kashe shi da wuri, abin da za a iya ja daga cikinsa bai wuce yunit ɗaya da ɗan ɗori ba, wato wasan sa'a ɗaya da rabi. UPS mai VA 1,500 zai ba da 'yan mintoci ne na a adana wasa a kashe na'ura cikin natsuwa, kuma ya kasance mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, domin akwatunan wutar zamani ba sa jituwa da masu arahar. Duk wanda zai zuba miliyan bakwai ko takwas a kwamfuta, lissafinsa bai cika ba sai ya haɗa da sitabilaiza da UPS, da inbata mai aƙalla kVA uku idan yana son wasa ba tare da jiran a kawo wuta ba. Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko kwabo: da manhaja irin MSI Afterburner ana iya rage wa katin cin wuta zuwa wajen wat 450, abin da ake rasawa na gudu bai cika kai kashi goma cikin ɗari ba, zafi da ƙara kuwa su ragu sosai. A ƙasa mai zafi wannan ne saitin da ya fi dacewa tun ranar farko.

Ƙura ba ta nuna kanta a ranar farko, sai bayan makonni. Kwamfutar tana zuƙar iska ne dare da rana muddin tana kunne, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauke da lallausar ƙurar da ta taso daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ragar da ke gaba da ƙasan akwatin kwamfutar takan toshe, siraran faifan ƙarfen da ke sanyaya katin su yi dafifi. A ɗora ta a kan tebur maimakon ƙasa, a wanke ragar duk mako biyu a lokacin hazo, a busa cikinta da bulowa a waje, ana riƙe da fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima.

Wani abin da kuɗi ba ya saya shi ne nisa. Masu buga Counter-Strike 2 ko Call of Duty da abokan hamayya ta intanet suna dogara ne da manyan kwamfutocin kamfani, waɗanda mafi kusa da mu suna Turai ko Afirka ta Kudu. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal tsawonta kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa kashi 70 cikin dubu na daƙiƙa ke nan, kafin a ƙara tafiyar Kano zuwa Legas da ta Fotugal zuwa Jamus ko Ingila. Yaron da ke Farankfot ta Jamus da tsohuwar kwamfuta zai riga ganin abokin karawarsa, ya riga harbi.

Kwanakin farko su ne kuma na bincike, tun ana iya mayar da kaya. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z tana nuna ainihin abin da ke cikin kati. Da ita aka gano, a Fabrairun 2025, cewa wasu katunan RTX 5090 sun fito daga masana'anta da wasu sassan zane 168 maimakon 176. Nvidia ya amsa, ya ce abin ya shafi ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na katunan, yana rage gudu da kimanin kashi huɗu, kuma za a canza wa wanda ya samu. Masu sayen na hannu su ne suka fi shiga haɗari. Tun da Amurka ta hana kai RTX 4090 ƙasar Sin a ƙarshen 2023, saboda ana amfani da irinsa wajen horar da ƙirƙirarriyar basira, masu gyara a ƙasashe daban-daban sun sha buɗe katunan da aka sayar wa mutane su tarar an ciro ƙwayar tsakiyar, an mayar da murfi da fankoki kamar babu abin da ya faru. Sayen irin wannan kati ba tare da an kunna shi a gaban mutum ba, sayen kifi a ruwa ne.

Wannan jan da ƙirƙirarriyar basira ke yi wa katunan shi ne ma babban dalilin tsadarsu. Nvidia, da aka kafa a 1993 don yi wa 'yan gem kaya, ya ga sabuwar kasuwa tun 2012, lokacin da masu bincike a Jami'ar Toronto suka horar da manhajar gane hotuna ta AlexNet a kan katunan gem guda biyu, GTX 580. A Yulin 2025 darajar kamfanin ta kai dala tiriliyan huɗu, kamfani na farko da ya taɓa kai haka, kuma kaso mafi tsoka na kuɗinsa daga manyan cibiyoyin bayanai yake zuwa. Ɗan gem yanzu yana layi ne a bayan kamfanonin da ke sayen ƙwayoyin dubu-dubu.

To wa ya kamata ya saya? Ga mai tace fim a Kannywood da ke aiki da DaVinci Resolve, ko mai zanen gine-gine da ke jiran sa'o'i kafin hoton gida ya fito ya nuna wa mai aiki, ko mai yin katun da Blender, ko ɗalibin da ke son gwada manhajojin basira a kan na'urarsa, gigabait 32 na ma'ajiyar katin jari ne, kwalliya za ta iya biyan kuɗin sabulu. Ga wanda burinsa ƙwallo ne kawai, lamarin daban yake. EA Sports FC 25, magajin FIFA da ake bugawa a gidajen gem na kowace unguwa, katin da kamfaninsa ya ba da shawara shi ne GTX 1660, wanda ya fito tun 2019. Ƙididdigar da Steam ke fitarwa duk wata ta nuna a 2025 cewa fiye da rabin masu amfani da shi a allon 1080 suke, kuma katunan da suka fi yawa su ne matsakaita irin RTX 3060 da 4060. PlayStation 5 kuwa, da ya fito a 2020 a kan dala 499, wat 200 da 'yan kai yake ci, ƙaramar inbata ma ta ɗauke shi. Masu jiran GTA VI su lura cewa da kamfanin Rockstar ya sanar da shi, PlayStation 5 da Xbox ya ambata, bai sa kwamfuta a ciki ba.

Na'urar tana yin abin da aka ce tana yi, kuma duk wanda ya zauna gabanta da allon da ya dace zai yi wuya ya manta. Amma a ƙasar da wuta ba ta tsayawa kuma zafi ke haura 40, mai naira miliyan takwas zai fi jin daɗin kuɗinsa idan ya sayi matsakaiciya mai RTX 5070, ya haɗa ta da allo mai kyau, ragowar ya zuba a sola da batir. Wanda kuma ya ƙudurta sai babbar, ya sa a kunna ta a gabansa ta yi aƙalla sa'a guda tana wasa mai nauyi, ya duba GPU-Z da idonsa, kuma kada ya bar shagon sai da takardar garanti a rubuce mai ɗauke da lambar katin.